Mutum uku sun ba ni farashin gina shafin intanet, wa zan ba aikin?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, wanda ke sayar da atamfa da shadda da leshi, sari da ɗai-ɗai. Yana so a buɗe wa kasuwancinsa shafin intanet domin kwastomominsa na Legas da Abuja, da na Maraɗi da Damagaram da Injamena, su riƙa ganin kaya ba sai yaron shago ya yini yana tura hotuna ba. Mutum uku sun yi masa kuɗin aiki. Ɗan maƙwabcinsa da ya gama karatun kwamfuta ya ce naira dubu 80, wani matashi mai ofis a cikin gari ya ce dubu 450, wani kamfani a Abuja kuma ya ce miliyan 2 da ɗoriya. Alhajin ya ce: me ya kawo wannan tazara, kuma wa zan ba?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa a fara a sa'a. Zan zo kan farashin, amma ba da shi zan fara ba, domin a wannan sana'a tamu ba tsadar aiki ce ta fi cutar da 'yan kasuwa ba. Abin da ya fi cutar da su shi ne mutum ya biya kuɗinsa cif, shafi ya tashi, bayan shekara ɗaya ko biyu ya tarar ashe ba nasa ba ne.

Abin da ake kira shafin intanet abu uku ne aka haɗa. Akwai adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta ya iso wurinka, wanda muke kira domen. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, inda hotunanka da rubutunka ke zaune, shi ne hostin. Sai ginin kansa, wanda ido ke gani. Na farko da na biyu haya ce, duk shekara sai an sabunta. Na ukun ne kaɗai aikin hannun wanda ka ɗauka. To, da yawa daga cikin masu gina shafi, wasu don sauƙin aiki, wasu kuma da wata manufa, sukan yi rajistar adireshin da imel ɗinsu da lambar wayarsu, su cusa shafinka cikin masaukin da suka kama wa kansu tare da na sauran kwastomominsu. Kai da ka san harkar fili a Kano ka san ma'anar wannan: ka ba magini kuɗi ya sayo fili ya gina maka, takarda kuma ta fito da sunansa. Muddin kuna shiri, lafiya lau. Ranar da kuka saɓa, ko ya sami aiki ya bar gari, ko ya canza layi, ko ta Allah ta kasance, kamfanin da ya yi rajistar bai san ka ba. Wanda sunansa ke rubuce ya sani.

Don haka tambayar farko da za ka yi wa su ukun ita ce: da sunan wa za a yi rajistar adireshin, kuma imel ɗin wa za a sa? Amsar da kake nema ɗaya ce, sunanka ko sunan kamfaninka, da imel ɗin da kai kaɗai ka riƙe kalmar sirrinsa. Wanda ya ce "Alhaji, bar min wannan, wahala ce kawai gare ka", kada ka yi masa faɗa, amma kada ka bar masa. Aikin minti goma sha biyar ne, yana zaune kusa da kai a yi shi a wayarka, da katin bankinka.

Adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ce, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista, ana biyansu da naira. Wanda ya ƙare da .com kuwa kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da shi, tushen farashinsa dala ce ko da ɗan Najeriya ne ya sayar maka. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira: dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ba sai na gaya wa ɗan Kwari abin da wannan ya yi wa kaya ba. Haka ya yi wa duk wanda masaukin shafinsa da kayan aikinsa da dala ake biya. Mutane sun ga kuɗin sabuntawa ya ninka uku, wasu suka yi watsi da shafin gaba ɗaya. Saboda haka ka sa kowannensu ya rubuta maka, ban da kuɗin gini, nawa za ka riƙa biya duk shekara, kuma wane ɓangare ne na dala. Idan da hali ka kama sunan biyu, .com da .com.ng, kada wani ya riga ka ya buɗe shago da sunanka.

Kuma ka riƙe ranar ƙarewar wa'adin. Idan adireshin .com ya ƙare ba a sabunta ba, ana ɗan ɗaga ƙafa, sannan a shiga kwana 30 na fansa wanda kuɗinsa ya ninka na sabuntawa sau da yawa, bayan nan a sake shi ga duk mai so. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da suka faɗi su kama, su sayar wa mai shi da tsada ko su cika shafin da tallar caca. Saƙon tunatarwa kuwa imel ɗin da aka yi rajista da shi yake zuwa. Ka ga dalilin da ya sa na nace.

Yanzu sai aikin da suka taɓa yi. Kowa zai buɗe maka kwamfutarsa a ofis mai sanyi da intanet mai gudu ya nuna maka abu mai ƙyalli. Wannan ba gwaji ba ne. Ka ce ya ba ka adireshin shafuka uku da ya gina, ɗaya daga ciki ya kai shekara biyu. Ka koma shago, ka karɓi Itel ko Tecno ɗin yaronka, ka buɗe su da data a tsakiyar kasuwa da azahar lokacin da layi ya cushe. A irin wannan wayar da irin wannan layin kwastomanka zai gan ka. Idan ka ƙirga zuwa goma hoto bai fito ba, mai saye ya riga ya tafi. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara kaffa-kaffa da shafin da ke shanye musu data. Google ma da fuskar waya yake auna shafi yanzu, ba da ta kwamfuta ba, kuma yana da ma'auni kyauta mai suna PageSpeed Insights: ka sa adireshi, ya ba ka maki daga sifili zuwa 100. Kada ka ɗauki makin kamar hukuncin alƙali, amma idan shafukan mutum uku duka ja suka nuna, ka san hannunsa.

Abin da ya fi wannan duka shi ne ka kira masu shafukan. Kada ka tambaye su ko aikin ya yi kyau, kowa zai ce ya yi, ba a son ɓata mutum. Ka ce: ranar da shafin ya sami matsala, kwana nawa ya ɗauka kafin ya gyara? Yana ɗaga waya bayan an gama biyansa? Kalmar sirri tana hannunka? A nan ake jin gaskiya, wani lokaci daga shirun da mutum zai yi kafin ya amsa. Idan kuma mai aikin ya ce kamfani ne, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da shafin bincike kyauta, ka rubuta sunan ka ga ko akwai shi.

Akwai wata alama da nake ba muhimmanci ƙwarai. Cikin su ukun, wa ya yi maka tambayoyi kafin ya faɗi kuɗi? Wanda ya san aiki zai so ya ji kala nawa kake da su, sau nawa sabon kaya ke shigowa, ko farashin turmi ɗaya da na dila daban ne, ko kana son kowa ya ga farashinka har da maƙwabcin shagonka, yadda kake tura kaya, ta tasha ko ta kamfanin aike, da wanda zai riƙa sa sabbin hotuna. Wanda ya yanke maka kuɗi a waya cikin minti biyu, samfurin da ya saba sayarwa zai canza wa suna da launi ya miƙo maka.

Kuma amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su nuna ko kana ma bukatar abu mai tsada. A ganina, ɗan sari a Kwari ba cikakken kantin intanet mai kwando da biyan kuɗi nan take yake bukata da farko ba. Cinikinku na ciniki ne, ana taya ana albarka, farashi yana motsi da dala, kala tana ƙarewa da safe wata ta shigo da yamma. Abin da zai yi maka aiki shi ne shafi mai sauƙi da ke nuna kaya a tsare, kowanne da lambarsa, da maɓallin da in an taɓa zai buɗe WhatsApp ɗin shago da lambar kayan a rubuce. Idan ɓangaren ɗai-ɗai ya kankama, sai a ƙara biyan kuɗi. Mai aikin kirki zai gaya maka haka ko da kuɗinsa zai ragu. Wanda ya fara lissafa maka manhajar waya da kaza da kaza tun ba ka sayar da turmi ɗaya ta intanet ba, aljihunka yake kallo.

Ka tambaye su da me za su gina. Ba don ka zama gwani ba, sai don ka san ko wani zai iya ɗorawa idan wannan ya tafi. WordPress, wani tsarin gina shafi wanda aka fara a 2003, shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma yana da ƙarin da ake kira WooCommerce na saye da sayarwa. Amfaninsa gare ka shi ne a Kano kaɗai akwai matasa da yawa da suka iya shi. Shopify, wani dandalin buɗe kantin intanet, yana da sauƙi da tsafta, amma kuɗin wata-wata ne da dala. Akwai kuma masu cewa za su rubuta maka naka daga tushe. Wannan yana da wurinsa, misali idan kana da shaguna biyar da sito kuma kana son lissafin kaya ya haɗu wuri ɗaya. Idan ba haka ba, ka ɗaure kanka ne da mutum ɗaya, domin duk wanda ya zo bayansa sai ya ce gara a rushe a sake.

A kan WordPress ɗin akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare, kuma ita ce sirrin wasu farashin masu arha. Yawancin kayan ado da ƙananan manhajojin da ake ɗorawa, masu kyan ciki sayensu ake yi, wasu ma duk shekara. Sai mutum ya je ya sauko da na sata kyauta. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa an dasa musu ƙofar baya. Wata shida lafiya, sai wata rana kwastoma ya kira ya ce ya buɗe shafinka an kai shi wani wurin banza, ko Google ya sa jan gargaɗi a kai. Ka ce a rubuta maka sunan duk abin da aka saya, da rasit, kuma lasisin ya zama da imel ɗinka. Kwaɗon tsaron nan da a da aka saba gani kusa da adireshi kuwa, wanda rashinsa ke sa Chrome ya rubuta cewa shafi ba shi da tsaro tun 2018, ana samunsa kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, kuma kamfanonin masauki da yawa suna haɗawa da shi. Idan ka gan shi a lissafi da kuɗi mai kauri, ka nemi bayani.

Idan aka zo maganar karɓar kuɗi, ba sassauci. Ko wane kamfanin karɓar kuɗi ta intanet ne, Paystack, ko Flutterwave, ko Monnify, asusun da sunan kasuwancinka za a buɗe shi, da takardun CAC ɗinka, kuɗi kuma su faɗa asusun bankinka kai tsaye. Kada ka yarda da "bari mu fara da nawa kafin naka ya fito". Suna cire ladansu a kan kowane ciniki: Paystack ya daɗe yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a cinikin cikin gida, ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Ka sa wannan cikin lissafin ribarka. Abin da za ka samu a madadinsa shi ne hutu daga alat na bogi, domin shafin ba zai nuna an biya ba sai kuɗi sun shiga da gaske. Mutanenka na Nijar da Chadi kuwa da sefa suke ciniki, kuma da yawansu ta hannun masu aiken kuɗi irin su Nita da Amana ko ta 'yan canji suka saba biya. Kada wani ya yi maka alkawarin cewa maɓalli ɗaya zai warware wannan. Ka bar musu hanyar da suka saba, shafin ya tsaya a nuna kaya.

Tunda mun taɓo su, sai maganar harshe. Idan za a yi shafin da Hausa, kuma ina ba ka shawarar a yi, ka sa a gwada maka rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ a gabanka. Yawancin salon haruffan da ake ado da su ba su da waɗannan, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Gyaran ba wuya, zaɓen salon da ke da su ne kawai, irin su Noto, amma sai wanda ya damu zai lura. Faransanci kuma, idan kana so don 'yan Injamena, a sami mutum ya rubuta. Fassarar inji tana kwafsawa a sunayen yadi.

Hotuna su ne rabin aikin, kuma su ne abin da aka fi mantawa a lissafi. Shadda tana da sheƙi, leshi yana da ƙananan ado, atamfa kuma kalarta takan canza a ƙarƙashin fitilar shago. Mace ta sayi ruwan toka a hoto a kai mata shuɗi, ka rasa ta ke nan har da ƙawayenta. Ka tambaya ko ɗaukar hoto yana cikin kuɗin, na kala nawa, kuma ko za a koya wa yaronka yadda zai ɗauka da hasken rana ya rage nauyin hoton ya ɗora da kansa. Shafin da sai an kira mai gini kafin a canza farashi, cikin wata uku zai zama na kayan bara.

Wanda ya ce zai sa ka zama na ɗaya a Google, ka yi murmushi kawai. Google da kansa ya ce ba mai iya ba da wannan tabbaci. Abin da za a iya yi, kuma kyauta ne, shi ne a sa shagonka a taswirar Google ta Google Business Profile, da lambar waya da lokacin buɗewa, da imel ɗinka.

Duk abin da kuka yi magana a rubuta shi, ko da shafi biyu ne, da shaidu. Mu da aka umarta da rubuta bashi a ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani bai kamata mu ji nauyin wannan ba, amma mun fi kowa cewa "ai ɗan gida ne". A rubuta yawan shafuka, yawan kayan da za a ɗora da farko, sau nawa za ka iya cewa a canza, ranar gamawa, da abin da zai biyo baya idan ranar ta wuce. A rubuta cewa da zarar ka gama biya, ginin da hotunan da rubutun naka ne. Wannan layin yana da muhimmanci, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki ga wanda ya ƙirƙira shi sai dai in yarjejeniya ta ce akasin haka. A rubuta wa zai riƙa ajiye kwafin shafin, sau nawa, kuma a ina, domin kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin tare za su tafi. Kuma tunda za ka riƙa tara sunaye da lambobi da adireshin mutane, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta hau kanka kai mai kasuwanci, ba kan mai gini kaɗai ba. A rubuta cewa ba zai kwashi lambobin kwastomominka ya yi wani abu da su ba. Kuɗi kuwa kashi uku: kafin alƙalami kamar sulusi, wani sulusin idan ka ga aikin yana tafiya a wayarka, ciko sai bayan an damƙa maka komai.

To, su ukun. Tazarar farashin ba lallai ta zama cuta ba, galibi ba abu ɗaya suke sayar maka ba. Dubu 80, idan aka cire kuɗin adireshi da masauki na shekara, abin da ya rage bai isa a sayi lasisi a ɗauki hoto a kuma biya lokacin mutum ba, don haka wani abu za a tsallake. Yaron zai iya zama haziƙi, ban raina shi ba. Matsalarsa biyu ce: gobe bautar ƙasa ko aiki zai ɗauke shi, kuma idan ya yi maka jinkiri ba za ka iya matsa masa ba saboda mahaifinsa. Kamfanin Abuja kuma kana biyan hayar ofishinsu da albashin ma'aikata, wanda ba laifi ba ne idan abin da za ka samu shi ne mutum fiye da ɗaya da ya san shafinka da lambar da za a ɗaga ranar Asabar. Ka tambaye su wa zai yi aikin da hannunsa, domin wasu sukan karɓa su miƙa wa wani yaro a kan kuɗi kaɗan. Ga irin bukatarka ta yanzu, ni dai na fi karkata ga na tsakiya, da sharaɗin ya yarda da rajista da sunanka ba gardama, tsofaffin kwastomominsa sun yabe shi, kuma ya faɗi kuɗin kulawa na wata ko na shekara a rubuce. Idan ya gaza a ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku, ka nemi na huɗu, ba dole sai cikinsu ba.

Ranar damƙa aiki ku zauna tare. Ka shiga asusun adireshi, da na masauki, da na shafin, da na karɓar kuɗi, ɗaya bayan ɗaya da hannunka, ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa ta biyu da ke turo lamba a waya. Shi kuma a buɗe masa nasa mashigin daban, wanda za ka iya rufewa duk ranar da kuka rabu. Ka sa yaronka ya ɗora kala ɗaya ya canza farashi ɗaya a gabanku ba tare da an taimake shi ba. Layin da za a ɗaura wa waɗannan asusun ya zama naka na kullum mai rajista da NIN ɗinka, ba na yaron shago ba, ba kuma wani layin da ke kwance a durowa ba, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yakan karɓe ya sayar wa wani.